Dutsen Tsamiya a Ɗakin Kaka

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don ƙanena yanzu babban malami ne, ba ya son a tuna masa. Amma ni ne yayansa, ya yi haƙuri.

Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, ya dawo hutu Kankiya daga jami'a da kwalba da wani farin gari. Wai tsamin da ke cikin tsamiya ne aka tace. In an narka shi a ruwa, aka rataya zare, aka bar ruwan yana ƙafewa a hankali, sai ya haɗu ya zama dutse garau kamar ƙanƙara, mai karkatar da haske. Wai ƙwayoyinsa riƙe suke da hannun juna ta wani abu wai shi haidirojin, riƙo marar ƙarfi, motsi kaɗan sahu ya ɓaci. In ya koma da dutse mai kyau, malaminsa zai ɗauke shi ƙarin karatu. In babu, sai aikin akawu.

Na je Ikko, na je Maraɗi, na je Kumasi, ban taɓa ganin mai kiwon tsamiya ba sai a gidanmu.

Gidan kuwa bakin titi yake. Duk sanda tankar mai ta wuce, sai bango ya girgiza, abin ya fito tsaki-tsaki. Sai na goya ƙanen nawa a babur zuwa Kusada, wajen kakarmu. Ya ajiye kwalbar gindin randa, wurin sanyi.

"Maigida," in ji kaka, "wannan ne cefanen da ka kawo mini?"

"Ke dai tsohuwa, kar ki motsa ta."

Ba ta motsa ta ba kuwa. Muka dawo ran kasuwa, dutsen da ya fara kamawa ya ɓace, ruwa cike har wuya. Muka sake komowa, haka. Yaro ya rame, hutu na ƙarewa. Yana tsugune yana duban kwalba sai ga kaka da moɗa, ta tsiyaya mata ruwa.

"Kaka, me kike yi?"

"Kullum sai ta ragu. A ɗakina abin ruwan baƙo zai ƙafe ina kallo? A ce me a gari?"

Dariya ta hana ni tsayuwa. Shi ko kamar ya yi kuka. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, akwai inda mace ba ta leƙawa sai maigida. Muka sake haɗi, muka sa kwalbar cikin rumbu bisa damman gero.

Kafin ya koma, dutse ya kai ƙwallon dabino. Ya ɗora shi kan jarida, ta cikinsa layi ɗaya ya zama biyu. Ya naɗe shi da auduga, na kai shi tasha. Malamin ya ɗauke shi ƙarin karatun.

Da na je Kusada da albishir, kaka ta yi hamdala, ta ba ni goro, sannan ta matso kusa.

"To, shi dutsen nan, sha ake yi ko shafawa?"