Sarƙar Sarantis

A tsibirin nan namu babu sana'ar da Sarantis bai taɓa ba, babu kuma wadda ya riƙe ta yi shekara. Ya gaji kwalekwalen kamun kifi a wurin ubansa, ya ce kifi ba ya shiri da jininsa. Ya gwada kiwon awaki, suka cinye lambun coci. Aka kai shi tsinkar zaitun, ya ce wuyansa ba ya jure kallon sama. Ga faɗin ƙirji, ga gashin baki kamar na jarumi, amma cima-zaune ne na ƙin ƙarawa. Baiwa ɗaya Allah Ya yi masa, ita ce dogon numfashi a ƙarƙashin ruwa.

Sai masu hannu da shuni suka gano lungun tekunmu. Da zafi ya shigo sai su cika shi da fararen jiragensu na shaƙatawa, kowa yana neman inda zai jefa anga, ƙugiyar ƙarfen nan da ke riƙe jirgi, ya kwana lafiya. A tsakiyar lungun akwai wani fili mai farin yashi, inda anga ke kamawa da kyau. Shekarar da aka rushe tsohuwar matsayar jirgin fito, aka yar da wata sarƙa mai kaurin damtsen ƙato. Sarantis, wanda ba a taɓa ganin guminsa ba, ya yi ta fama da ita cikin sanyin hunturu har ya shimfiɗa ta a kan farin yashin nan. Gida biyu ce, ya haɗa su a tsakiya da ƙaton noti, ya ɗaure kowane baki a jikin dutse. Ashe rago ma yana da ƙarfi, in dai mugunta za a shuka.

Daga nan ya sami sana'a. Da la'asar sai ya tsaya a bakin gaɓa yana kaɗa malafarsa, yana nuna wa baƙi wurin, su kuwa suna ta godiya. Da safe ya zauna a shagon gahawar Zisis. Da ya ji injin wani jirgi yana kuka anga ta ƙi tasowa, sai ya ƙarasa gahawarsa a tsanake, ya tuƙa kwalekwale kamar mai zuwa zance. Ya yi nutso nan, ya ɓullo yana girgiza kai, ya koma can, ya yi ta lalube har sai hantar masu jirgi ta kaɗa. Sannan ya shaida musu cewa sarƙa ce tun ta zamanin yaƙi, ruwa ke yawo da ita, babu mahalukin da ya san inda take kwana. Can ya zura igiya ya ɗaga ta, anga ta fito. A tafa masa, a ɗauki hotonsa, a cika masa hannu, wata baturiya har da hawaye. Akwai wata 'yar sifana da yake ratayawa a wuya, yana cewa abin tunawa da ubansa ne. Da ita yake kwance notin duk farkon shekara ya shafa masa mai, don in hukuma ta zo bincike ya wargaza abinsa da wuri.

Kaf garin an sani, aka bar kaza cikin gashinta, don baƙon da jirginsa ya maƙale sai ya ƙara cin abincin rana. Zisis ne kawai ke tsokanarsa.

"Kyaftin, wai yaƙin nan naka har yau bai ƙare ba?"

"Kai dai soya kifinka, tsohon kwaɗayi. Albarkacin yaƙin tukunyarka ke tafasa."

Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, 'yarsa Asimina. Uwarta ta rasu tana ƙarama, gwaggonta ta riƙe ta can a birnin Firayus, sai hutu take zuwa, ta tarar ana tafa wa ubanta. Saboda shi ta karanci tuƙin jirgi, kuma duk inda ta zauna labarinta ke nan, babanta mai ceton jirage. Babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya mata. Shi kuwa yana sonta, wannan kam ba a ɗauke masa ba, ita ce kaɗai gaskiyar da ke cikin rayuwarsa. Amma ya fi son irin kallon da take yi masa.

Wata la'asar cikin watan Agusta sai ga ta da wani katafaren jirgi, karon farko da aka damƙa mata jirgi ita kaɗai, ɗauke da wani attajiri da iyalinsa. Sarantis ya riga ya ɗaga malafa kafin ya gane mai tuƙin. Ita ba ta ma buƙatar nuni, tun tana yarinya ta san inda babanta ke cewa ya fi ko'ina kyau. Ta miƙe sak zuwa farin yashin. Kalma ɗaya ta isa, ya ce ta matsa gaba. Amma in ya faɗa sai ta tambayi dalili.

Zisis ya matso ya ce a hankali, "Sarantis, 'yarka ce fa."

"Na gan ta. Bar ta, gobe in cire mata, baƙinta su san ko 'yar waye."

Ka ji uba. Har tunanin irin tafin da za a yi masa yake yi, anga ta faɗa ruwa.

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Washegari kafin azahar iska ta juya ta kudu, inda bakin lungun yake a buɗe. Ruwa ya fara tumbatsa, jirage suka ɗebe angoginsu suka fice ɗaya bayan ɗaya. Na Asimina ya ƙi. Injin ya cije, sarƙar jirgin ta ɗaure tamau, ba ta jawuwa ba ta sakuwa. Nauyin jirgin ya fi ƙarfin dutsen da Sarantis ya ɗaure bakin tasa sarƙar, dutsen ya fara biyowa, jirgin yana ja da baya zuwa duwatsun gaɓa, yara suna kuka a ciki.

Ranar ce aka ga Sarantis ya bar gahawa da zafinta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ya tuƙa kwalekwale kamar zai karya filafili. Ruwa ya gurɓace, ba a ganin ko tafin hannu, amma bai tsaya inda angar take ba. Ya wuce can gefe, ya dubi hasumiyar coci, ya dubi wata itaciyar ɓaure a kan tudu, ya daidaita, ya faɗa. Nutso ɗaya. Sarƙa ta rabe biyu, anga ta zame ta taso. Ya ɓullo yana haki, sifana a hannun dama, noti mai sheƙin mai a hagu, ya manta bai sake su a ƙasa ba.

Baƙi suka ɓarke da tafi. Asimina ba ta tafa ba. Ta juyo da jirgin ta gefensa, ta leƙo, ta daɗe tana kallon hannuwansa.

"Baba, yau ba ka yi lalube ba."

Ya buɗe baki zai kawo zancen yaƙi, ta riga shi.

"Sifanar kaka ce ta kwance sarƙar yaƙi?" in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta murɗa sitiyari ta fita da mutanenta lafiya.

Bai sake haɗa sarƙar ba. Ya ce kunnuwansa ne suka daina jure nutso, Zisis kuma yana ta mitar an kashe masa kasuwa. Yashi ya binne ta, yanzu kowa yana jefa anga a wurin ya tashi sumul, babu mai tambayar sunan tsohon da ke bakin gaɓa. Asimina tana nan tana tuƙi, kusan duk mako a lokacin zafi jirginta yana giftawa ta bakin lungun zuwa tsibirin gaba. Da ya hango shi sai ya miƙe, ya ɗaga malafa, yana nuna mata farin yashin da babu komai a cikinsa yanzu. Har yau ba ta karkato ba.