Matsalar a Kai Take

Ita ce 'yar fari a ɗakin mahaifiyarta, amma kowa Auta yake ce mata. Ƙannenta ne suka zo ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da ita, suka wuce. Tun tana 'yar shekara tara tsawonta ya samu wuri ya zauna. Sa'o'inta suka fara ƙirgar dangi, suka zama 'yan mata, ita kuwa ƙirji kamar an goge shi. Mama ta shafa mata duk abin da aka ce a shafa, har da wani baƙin mai da maƙwabciya ta kawo a kwalba, wanda bai tsirar da komai ba sai ƙuraje.

Da ta gama makaranta ta kama aiki a shagon wanki da guga, tsakanin mai faci da mai aski. Teburin ya yi mata tsawo, sai mai shagon ya kifa mata akwatin lemo ta hau. Idan baƙo ya leƙo da kaya ya ce, "Yarinya, ina manyan?" sai ta ce sun fita, ta karɓi kayan, ta faɗa masa ranar dawowa. Bayani yana cin lokaci, dutsen guga kuma ba ya jira.

Wanda ta aura mai gyaran wuta ne, dogo kamar falwaya. Soket ya zo gyarawa. Washegari ya dawo duba soket ɗin, jibi ma haka, alhali soket lafiyarsa ƙalau. Da zuwan ya yi yawa ta ce masa, "Malam, in manyan kake jira, ni ce." Ya ce ya sani, ai ya tambayi mai aski.

Ta tiyata aka ciro ɗansu, ƙato, ubansa sak har tafin ƙafa. Ta sa shi a ƙirji, ya tsotsa, ya tsotsa, ya saki, ya tsala ihu. Surukarta ta ce a yi ta ɗura mata abu mai zafi. Mama ta ce a nemo maƙwabciyar nan. Sai da kowa ya fita Auta ta juya fuskarta bango, ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Wata likita ce ta sa aka auna jininta. Da sakamako ya fito ta ja kujera ta zauna kusa da gadon, Mama na gefe riƙe da jaririn.

"Baiwar Allah," in ji likitar, "a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke sakin sinadarin girma cikin jini. Shi ke jan ƙashi ya yi tsawo. Lokacin balaga kuma yana taimaka wa hanyoyin ruwan nono su tsiro su yi rassa kamar saiwa. Sinadarin mata shi kaɗai ba ya gama aikin. Taki ba ta saki isasshe ba."

Auta ta ce, "Wato matsalar a kai take?"

"A kai take."

"To Mama, kin ji. Duk shafe-shafen nan ba a wurin ba ne."

Mama ta ce, "Da an faɗa min ai da a kan na shafa."

Likita ta ce ko a kan ba zai yi ba. Allura ce, kuma da ƙuruciya take ƙara tsawo, kafin ƙashi ya rufe. Yaro dai a ba shi madarar jarirai, zai rayu ya ishi kowa.

Haka aka yi. Mijin ya ƙware a dafa kwalba, yana ɗiga madara a bayan hannu da irin fuskar da yake yi in zai taɓa wayar wuta. Da ta warke ta koma shago, yaron na barci cikin kwandon wanki a ƙarƙashin tebur.

Bayan shekaru ta lura 'yar ƙaninta ta canja aji sau uku ba ta canja rigar makaranta ba. Uban ya ce ƙaramin jiki ne, gado ne. Auta ta ce, "Gadon wa? Ni kaɗai na ci shi." Ta kashe dutsen guga, ta kama hannun yarinyar sai asibiti. Gwaji ya nuna abu ɗaya ne. Aka fara allura, yarinya na kuka tana cewa Gwaggo muguwa ce.

Yarinyar ta yi tsawo daidai misali. Bara ta haifi tagwaye, tana shayar da su da kanta. Duk zuwan da za ta yi shagon sai ta yi ƙorafin ciwon baya da rashin barci, wai yaran nan sun tsotse ta tas. Auta na saurare tana ninke riga. In ta kai aya sai ta ce, "Sannu. Miƙo min hangar can ta sama."