Sunan da Shuruƙ Ta Ɓoye

A unguwar Faisal ta Alƙahira, cikin wani lungu da rana ba ta leƙa shi sai ta take tsaka, akwai shagon da hanci ke riga ido isa gare shi. Zoɓo, garin kuɓewa, tsamiya, goriba, da turaren wutar da matan Sudan ke haɗawa a ɗakunan haya su kawo a sayar musu. Dattijon da ke zama a ciki sunansa Dafa'allah, amma tun ranar da aka haifa masa ɗa babu wanda ya ƙara kiransa haka. Abu Mujtaba ake ce masa, wato uban Mujtaba.

Shagon na ƙanen matarsa ne, zama kawai yake yi masa. Shi mutumin jirgin ƙasa ne. A Atbara ta ƙasar Sudan aka haife shi, garin da yara ke barci da kukan jirgi su tashi da shi, kuma ƙuruciyarsa kaf a kan dogo ta ƙare, yana bin tarago tarago yana duba tikiti, yana shelar sunan tasha tun kafin a hango ta. Allah Ya ba shi murya. Manoma da ke gyangyaɗi kan buhunansu sukan zabura idan ya buɗe baki, tsofaffin mata su yi masa tsiya, su ce ya rage, ba kurame ya ɗauko ba. Da ya ajiye aiki sai ya gina ɗan gida a Omdurman, ya dasa lemun tsami a tsakar gida, ya ɗauka a nan za a yi masa wanka ranar da ta zo.

Sai yaƙi ya shigo gari. Shi da matarsa Ihsan suka bi motocin da ke yin arewa. Mujtaba ya ƙi tafiya. A kemis ɗin unguwa yake aiki, ya ce masu ciwon suga da hawan jini ba za su gudu da ƙafa ba, wa zai ba su magani idan kowa ya rufe? Ya ce abin zai lafa, su je su huta su dawo. Da farko kiransa bai yanke ba. Daga baya ya zama jefi-jefi, ranar nan kuma ya tsaya cak. Wata maƙwabciya da ta iso Alƙahira ta ce da idonta ta ga masu bindiga sun tura shi cikin mota a ƙofar kemis, shi da waɗansu samari. Iyakar abin da aka sani ke nan. Ba a ga gawa ba balle a zauna makoki, ba a kuma ji murya ba balle a yi barci.

Duk lokacin da Sudan ta hau kanun labarai, ɗalibai masu koyon aikin jarida sukan cika Faisal. Malamansu ne ke turo su, suna ce musu labarin duniya ba sai an tsallaka teku ba, yana nan yana sayar da kayan miya a bayan gidanku, ku je ku same shi. Bibbiyu suke zuwa, ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da tambayoyi, suna kunya suna kuma gaggawa. Yawancin masu shaguna sun gaji da su. Akwai wanda zai dube su ido cikin ido ya ce mai shagon ya fita, alhali shi ne.

Abu Mujtaba kuwa kujera yake jawo musu.

Abokin zamansa Sirru, tsohon direban babbar mota wanda ke wuni kan buhun goriba a bakin shagon, shi yake fara hango su.

"Ya zol, gyara rawaninka, ga 'ya'yanka nan sun zo," in ji shi, yana kiransa yadda mutanen Sudan ke kiran juna. "Yau dai duniya za ta ji ka."

"Kai da ko kare bai taɓa tambayarka sunanka ba, ina ruwanka?"

"Ni ai na fi ƙarfin jaridar da malami ɗaya ke karantawa da jan biro."

Gaskiya Sirru yake faɗa, kuma can ƙasan ransa Abu Mujtaba ya sani. Yawancin abin da yaran ke rubutawa a teburin malami yake ƙarewa. Amma bai fasa ba. Ko me aka tambaye shi, tsadar haya ce ko takardar zama, sai ya karkato da maganar ta dawo wuri ɗaya. Ya gyara zama, ya fito da muryar nan ta jirgi, ya ce, "Rubuta. Mujtaba Dafa'allah Hamad. Dogo ne, yana da tabo a girar hagu, faɗuwa ya yi daga keke yana yaro." Sai ya nuna hoton a waya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ana sakin mutane daga inda ake tsare su, ɗaya yau ɗaya gobe. Wani zai fito, ya ga sunan a rubuce, ya ce ai na san shi, mun kwana ɗaki ɗaya.

A cikin ɗaliban nan aka samu wadda ta dawo. Shuruƙ sunanta, 'yar Masar, siririya, mai tabarau da ke zame mata kan hanci. Ranar farko ta yi tambayoyinta ta tafi kamar kowa. Bayan kwana kaɗan sai ga ta kuma, ta ce abin da ta rubuta bai yi mata ba.

"Ammu, kamar sanarwa kake ba ni," ta ce masa, tana kiransa yadda 'yan garin ke kiran sa'an ubansu. "Ni hira nake so."

"'Yata, ai sanarwar ce sana'ata."

Ta yi ta zuwa. Ta sha gahawa mai citta har ta daina yamutsa fuska. Ta hau bene ta gai da Ihsan, wadda tun da suka iso ba ta ƙara sa lalle ba, ta ci kisra, gurasar mutanen Sudan, da miyar kuɓewa a kwano ɗaya da ita. A hankali dattijon ya saki jiki. Wata la'asar, bayan an nuna unguwarsu a talabijin ɗin mai shayi, gidaje ba ƙofofi, sai abin ya ƙwace masa. Ya faɗi abin da masu bindigar suka yi wa layinsu gida gida. Ya kira su ɓarayi, ya kira su abin da ya fi haka, ya ɗaga hannu ya kai su ƙara wurin Allah. Wayar Shuruƙ tana kan buhun zoɓo tana ɗauka.

Ranar da ta zo da albishir kusan a guje ta shigo lungun.

"Ammu! An zaɓi nawa! Sun sa shi a shafin ɗalibai na intanet, kowa zai iya gani, har a Sudan!"

Ya sa tabarau ya karɓi wayar. Sirru ya taso daga kan buhunsa ya leƙo ta kafaɗarsa. Hoton da ke sama hannuwa ne kawai, nasa, suna auna zoɓo a sikeli. Babu fuska. Ya fara karantawa leɓɓansa na motsi. Ga lemun tsamin, ga kemis, ga motar masu bindiga, ga duk zagin da ya yi, ba ta rage ko ɗaya ba. Yarinyar ta iya rubutu. Amma mutumin da ke magana a ciki wani ne wai shi Abu Khalid, ɗansa Khalid, kuma a ƙasa da ƙananan haruffa an ce an canza sunaye domin kare lafiyar masu su.

Ya sake komawa sama, ya gangaro da yatsa a hankali, ko ya tsallake ne.

"Wane ne Khalid?"

"Kai ne, Ammu. Ina nufin, shi ne. Haka ake yi. Tun shekarar farko ake koya mana, ɗan gudun hijira ba a sa sunansa, ba a nuna fuskarsa."

"Tabon girar fa?"

"Malamarmu ta ce da shi za a iya gane shi, sai na cire."

"Za a iya gane shi," ya maimaita. Ya cire tabaran ya ajiye kan sikeli. "'Yata, to don me kike zaton nake zaunar da ku? Don gahawata ta yi mini yawa? Kin ɗauki yarona kin sake sa shi a mota, kin rufe."

Shuruƙ ta sunkuyar da kai.

Sirru ne ya yi magana, kuma wannan karon babu tsiya a muryarsa.

"Ya zol, sassauta wa yarinya. Karanta abin da ka ce a kansu. Su ma suna da waya, sun kuma fi ka iya latsa ta. Ka manta mutanen nan na layin bayanmu? Sun baza hoton ɗansu ko'ina, uban ya yi magana irin taka. Waɗanda ke riƙe da yaron suka gani, a kansa suka huce."

"Waɗancan na kusa da masallaci fa? Ba ta hanyar hoto suka gano nasu ba? Ga shi can yana haya da keken tuk-tuk."

"Haka ne."

"To?"

"To, ni ma ban sani ba," in ji Sirru, ya koma kan buhunsa ya zauna da nauyi.

Shuruƙ ta share ido da bakin mayafinta. Ta ce laifinta ne da ba ta tambaye shi ba, ta ɗauka alheri take yi. Ta ce za ta koma wurin malamar. Washegari ta dawo da amsa: za a iya mayar da sunan gaskiya, da hoton, da tabon, in dai uban ya ce a sa, ya kuma san abin da hakan ke iya jawowa. Ta ce ko a cire zagin a bar sunan. Sirru ya girgiza kai, ya ce tun jiya mutanen Faisal ke tura wa juna labarin a waya, duk wanda ya ga na farko zai haɗa shi da na biyu.

"Kai za ka faɗa, Ammu," ta ce. "In sa, ko in bari?"

Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa wa jama'a inda suka dosa ya tsaya yana kallon ta. Ya ce ta jira shi. Ya hau benen da ƙyar, yana dafa bango.

Ihsan na zaune kan tabarma tana tsince wake. Ya faɗa mata komai. Ba ta ɗago ba, yatsunta suka ci gaba da ware tsakuwa gefe.

"Ummu Mujtaba, magana nake yi."

"Na ji ka, Haj."

"Me kika gani?"

"In yana raye, wataƙila shirun nan ne ya bar shi da rai. In kuma yana can yana jiran wani ya neme shi..." Ta tsaya. Ta ture farantin. "Kada ka ɗora mini. Ni na haife shi, ba zan zaɓa ba."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Ta taga ana jin masu tuk-tuk na zagin juna, wata mata na kiran mai gas daga hawa na sama. Ya nemi abu ɗaya da zai dafa, mafarki ko alama ko wata kalma da yaron ya taɓa faɗa, bai samu ba. Duk inda ya juya, ɗansa ne a ƙarshen hanyar, kuma ba ya ganin ko a tsaye yake.

Da ya sauko, Shuruƙ na nan inda ya bar ta, gahawarta ta huce.

"Bar shi yadda yake," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, kamar ta aro. "Ba don na san daidai ba ne. Tsoro ne kawai ya fi yawa."

Ta gyaɗa kai, ta fara tattara jakarta.

"Tsaya. Abu ɗaya za ki yi mini. Karanta mini shi da bakinki, tun daga farko, yadda masu labarai ke yi. Duk inda kika ga Khalid ki faɗi na gaskiyar. Ina so in ji shi a bakin wani, ko sau ɗaya."

Ta miƙe tsaye tsakanin buhuna, ta gyara murya. Sirru ya dubi lungun, ya ga mutane na kai da kawo, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Ya tashi ya jawo ƙofar ƙarfen shagon ƙasa har ta taɓa daɓe. Cikin duhu-duhun nan, da hasken wayar kaɗai a fuskarta, yarinyar ta fara karantawa. Da ta iso wurin ta ce, "Mujtaba Dafa'allah Hamad," a hankali, don kada a ji daga waje.