Gilashin da Ya Raka Ni Raɗin Suna Dundaye

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Minanata, ni da maƙwabcina, a kan babur ɗina roba-roba, muka nufi Dundaye raɗin suna. Matar ƙanena ce ta haifi namiji, shi kuma ya yi alkawarin yi mini takwara. Sai dai dangin mai jego sun tsaya kai da fata sai an sa sunan kawunta. Da ƙanena ya gaji da ja-in-ja, sai ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, in liman ya zamna kana wurin, sunanka za a raɗa. In ba ka nan, ba ni da bakin magana." Ni kuwa furfura ta fara fito mini, ba a taɓa yi mini takwara ba. Ina son abin nan har cikin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin mu yi nisa, bari in ba ku labarin gilashi. Damina ce, hanyar fadama kuwa da sassafe ƙwari ke rufe ta. Ban so in isa gaban surukai da fuska duk ƙwaro, hula a karkace. Don haka ana jibi suna na je Gidan Dare wurin mai gyaran babur, na ce ya ɗaura mini gilashin tare iska. Ya ɗauko wani ƙarami da ya tsaya mini iya ƙirji. Ni kuma idona ya faɗa kan wani zabgege da ke rataye, wanda in na zauna ya zarce kaina. Mai gyara ya ce, "Alhaji, wanga ya yi ma mashin ɗinka yawa. Bisa kan mashin za a ɗaura shi, in iska ta buge shi kan za ta murɗe." Na ce ya ɗaura, ai ba yau na fara hawa babur ba.

Ranar sunan, tun a cikin gari na fara jin canji. Kan babur ya yi nauyi, duk kwanar da na saba sha cikin sauƙi yanzu sai na yi mata dogon zagaye. Raɓa ta lulluɓe gilashin, fitilun motoci suna bugunsa, gabana ya koma fari fat. Da ƙarami ne, ta samansa zan duba hanya. Wannan kuwa dole na riƙa leƙo kai ta gefe kamar zakara a kan katanga. 'Yan kabu-kabu suna wuce mu suna waiwaye. Mun tsaya wurin mai bumburutu muka ƙara mai, don gilashin yana tokare iska, babur yana ta gurnani ba ya gaba. A gefe wata tsohuwa tana suyar ƙosai. Ƙosan bana ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba, amma da zafinsa da yaji ya yi daɗi.

Maƙwabcina dogo ne. Iskar da gilashin ya kare mini, sai ta hau sama ta sauko a kansa. Ni ina zaune lafiya lau, shi yana baya kansa yana kaɗawa. Muna gangarawa fadama hularsa ta yi sama, ba mu ƙara ganinta ba. Ya ce mu tsaya, na ce masa liman ba ya jiran hula.

Fadamar kam ta yi kyau. Shinkafa kore shar har iyakar ganinka, manoma suna fitowa da fartanya a kafaɗa, ga jakuna, ga shanu ana kora su kiwo. Amma babu gini, babu katanga, ga hadari ya ɗan taso daga gabas da iskarsa. Duk bugun da ta yi wa gilashin, sai kan babur ya juya da kansa. Ina murɗowa dama, yana tafiya hagu. Na riƙe har hannuwana suka sage. Muna wuce gada wata tifar yashi ta zo ta gifta mu a guje, iskarta ta ture mu, sannan ta jawo mu. A hankali, kamar da ladabi, roba-roba ta sauka daga kwalta ta kai mu cikin gonar shinkafa ta kwantar.

Ba wanda ya ji ciwo, sai farar shaddata da ta sha taɓo har gwiwa. Mai gonar ya taya mu fitar da babur, yana ta danne dariya. Gari ya riga ya waye tangaran, ina tsoron kada liman ya riga mu zama. Na zaro sifana a ƙarƙashin kujera na kwance gilashin, maƙwabcina ya rungume shi a bayana yana ƙunƙuni. Nan take babur ya koma tsohon halinsa, inda na ce nan yake bi.

Muna isa ƙofar gidan, maƙwabcina ya miƙo mini gilashin, ni kuma don sauri na kutsa cikin taro da shi a hannu. Liman ya zauna, ana rabon goro da dabino, kawun mai jego yana sahun gaba ya sha rawani. Ƙanena ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sunkuya ya yi wa liman raɗa. Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunana. Wallahi sai da idona ya cika da ƙwalla.

To, kun san ƙanena da matarsa ba za su iya kama sunana ba, dole a nema wa yaro sunan alkunya. Na shiga cikin gida yin barka, har lokacin gilashin yana hammatata. Mata suna ta shawara, wannan ta ce Halifa, waccan ta ce Amir. Gwaggonmu ta kalle ni, ta kalli jariri, ta ce, "Don mi kuka wahala? Ga suna ya shigo da ƙahwarshi. Mai Gilashi." Aka kwashe da dariya, aka rangaɗa guɗa.

Da hantsi muka juyo, bayan mun ci masa da miyar taushe. Na biya Gidan Dare aka ɗaura mini ƙaramin, mai gyara bai tambaye ni komai ba, na kuwa gode masa. Daga nan har Minanata babur bai yi mini gardama ba. Abin da na koyo shi ne, gilashi ya tsaya inda za ka duba hanya ta samansa, in ya wuce nan to iska ce ke tuƙi. Na samu takwara, alhamdu lillahi. Amma jiya na kira in gaida mai jego, na ji ana cewa a yi shiru, Mai Gilashi yana barci. Yaron nan zai girma ya tambayi mafarin sunansa, kuma duk Dundaye babu wanda zai rasa ba shi labari.