Dandalin da Ke Kan Teburinmu

Shekara biyu ba mu ci abinci a kan tebur ba a gidanmu na unguwar Longsight. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya mamaye shi da samfurin dandalin wani gari na Italiya da ya gina da kwali, don a kan dandalin yake bincikensa. Na yi mita har na gaji.

Dandalin a gangare yake kamar ƙwarya, daɓensa jan bulo, an raba shi gida tara, adadin waɗanda suka mulki garin a da. Yakan ajiye ƙwayar carbi a bakinsa ta gangara, ya ce, "Haka ruwan sama yake bi, duk ya haɗu wuri guda. Sai na kai ki kin gani." Ni kuwa in ce ya fara ba ni teburina.

Ranar sadakar uku matan 'yan'uwansa suka zo daga Birmingham. Ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, suka gyara falo don jera kuloli. Da na fito, babbarsu ta ce, "Ƙanwata, mun tattake tarkacen kwalayen nan, mun zuba a kwandon sharar recycling." Tarkace! Ko tambaya babu. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa an gode.

Bayan sun tafi na tsinci ƙwayar carbin a ƙasa. Na ɗora ta a kan teburin da na yi shekara biyu ina nema. Ta tsaya cik, ba ta gangara ko'ina ba.