Takardar Halartar da Dattawan Gbagyi Suka Dangwala

Shekaru sun ɗan ja, ƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini, amma ranar da dattawan Gbagyi suka zo ofishinmu na filaye a Doka, cikin Kaduna, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ina jin Talata ce, cikin damina. Lokacin ina mataki na takwas, inda ake fara ajiye mai digiri, kuma ni ke rubuta bayanin taro.

Ƙauyensu na arewacin gari, inda aka shirya yanka filayen gidaje. Su ne 'yan asalin wurin, kakanninsu na noma a nan tun ba a kafa Kaduna ba. Jagoransu, wani tsoho mai suna Baba Ɗanladi, ya zo da takarda mai buƙatu uku: a bar musu gonakin gado da maƙabarta, a bar su su zaɓi mai unguwarsu da kansu, sannan a rubuta yarjejeniya tsakaninsu da gwamnati, kowane ɓangare ya sa hannu.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ba a yanka fili sai fayil ya nuna an tuntuɓi mutanen wurin. Kowane taro kuma akwai takardar halarta, wadda ake sa wa hannu don a san wa ya zo.

Daraktanmu ya ce mini, "Malam Sani, zagaya da takardar."

Na kai gaban Baba Ɗanladi da tawada, sai ya janye hannu. "Ɗana, wannan ta mece ce? Mu fa ba mu yarda da komai ba tukuna."

"Baba, shaidar kun zo ce kawai."

"Ka tabbata?"

Dattawan suka yi dariya. Na ce na tabbata, kuma a iya sanina gaskiya na faɗa. Su goma sha ɗaya ne ko sha biyu, duk suka dangwala.

Bayan kamar mako biyu fayil ya dawo wurina. Takardar buƙatunsu ba ta ciki. Ta halartar kuwa an maƙala ta bayan wani shafi da ke cewa jama'a sun amince. Na sami Darakta na ce, "Ranka ya daɗe, kamar dai akwai kuskure a nan."

"An tuntuɓe su ko ba a tuntuɓe su ba?"

"An tuntuɓe su, amma..."

"Ko tabbatar da kai a aiki ba a yi ba, har ka fara amma?"

Na rubuta ƙorafi har sau biyu, ban miƙa ko ɗaya ba. Kafin kaka katafila ta shiga gonakin. Maƙabartar ban san yadda aka yi da ita ba, kuma ban tambaya ba.

Daga baya na haɗu da Baba Ɗanladi a Babbar Kasuwa, yana zaune wurin masu doya. Na durƙusa zan gaishe shi, sai ya ɗago babban yatsansa. "Ɗana, tawadarka kwana uku ta yi kafin ta goge. Har yanzu ka tabbata?"

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba manya ke zagayawa da tawada ba. Wanda aka ga yana da gaskiya ake turawa, don shi za a yarda da shi. Ku ƙannenmu a aiki, kada ku ce wa kowa kun tabbata sai kun san inda takarda za ta kwana.

Wanda ya halarci taron nan, in na yi kuskure ya rubuto ya gyara mini. Sunayen dattawan musamman nake nema. Ni na rubuta su da hannuna, amma ɗaya kaɗai na riƙe.