Kwandon da Ba a Wankewa

Kong Aitimon Nongbri ita ce 'yar auta, don haka, bisa al'adar mutanen Khasi, ita ta gaji gidan uwarsu a Mawlai, da rumfar abinci a kasuwar Iewduh, da wani tsohon kwandon gora baƙi ƙirin da ke rataye a saman murhu. A cikinsa ake yin tungrymbai, daddawar waken suya. A dafa wake ya yi luguf, a shimfiɗa ganye a kwandon, a juye shi da zafinsa, a bar shi kwana uku yana shan hayaƙi, har ya yi yauƙi, ya fara ɗoyin nan da ke tsinka wa mutanen Khasi yawu. Ganyen ake sakewa. Kwandon kuwa ba ya ganin ruwa, tun zamanin kakarta.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana zuba wa 'yan dako da direbobi jadoh, dafa-dukan shinkafa da nama, da cokali guda na tungrymbai a gefe. Harshenta ya fi wuƙarta kaifi, kuma wadda ta fi shan sa ita ce Kong Brisida, mai rumfar da ke kallon tata. "Dusa take sayarwa," in ji Aitimon. "Ko alade sai ya yi shawara kafin ya sa baki."

Ana nan sai Pynshai, ɗan babbar yayarta, ya dawo daga Bangalore da takardar koyon aikin otal da farar hula mai tsayi. Shekararsa talatin, bai taɓa sauke shinkafa ba tare da ƙanzo ba, amma ya san sunan kowane irin cokali. Ya kafa allo a bakin rumfa yana kiran baƙi su zo su ci abincin Khasi na asali. Suka zo daga Kolkata da Delhi, su ɗauki hoton faranti ta gaba da ta baya, su lashi bakin cokali, su nemi shayi. Aitimon ta ƙyale shi. Allo ba ya taɓa tukunya.

Sai ya yi wa baƙinsa alkawarin kai su gida su ga yadda ake yin tungrymbai. Ranar da Aitimon ta tafi ta'aziyya ƙauyen Nongkrem, ya shiga madafa ya yi aikin da aka koya masa. Da ta dawo da la'asar ta tarar da kwandon a tsakar gida, fari tas, yana ƙanshin sabulu.

"Meiduh, kin gani?" in ji shi, yadda suke kiran ƙanwar uwa ta ƙarshe. "Awa biyu ina gurza. Daga baya ma sai da na jiƙa shi a ruwan bilic. Wa zai ci abin da ya fito daga waccan dauɗa?"

"Kai mana. Ita ta yi maka kumatun nan."

"Tsabta ce, Meiduh. Haka ake yi a duk duniya."

"Shekara uku a Bangalore, ashe wanke-wanke aka koya maka. Ai da ka zauna na koya maka kyauta."

Ta dafa wake ta zuba a farin kwandon. Bayan kwana uku ta buɗe: ba yauƙi, sai wani tsami mai warin sabulu. Zubi na biyu ya yi fumfuna. Na ukun ta rufe ido ta kai kasuwa. Bah Kitbok, tsohon ɗan dakon da ke ci a wajenta tun yana da haƙoran gaba, ya ɗanɗana, ya ture farantin a hankali.

"Kong, yau wa ya yi girkin?" in ji shi, yadda suke kiran mace don girmamawa.

"Ka ci ko ka tashi."

Ya tashi. Taku shida ya yi ya zauna a bencin Brisida, kuma kafin sati ya zagayo rabin direbobin sun bi shi. Baƙin Pynshai kaɗai suka yaba, suka ce wannan ya fi sauƙin wari.

Uwar Pynshai ce ta zo da maganar, kunya ta ishe ta. Lokacin da Brisida ta yi aure, in ji ta, Aitimon tana ƙarama, uwarsu ta ba Brisida wani ɗan kwando da ya shekara a cikin nasu. Da shi take yi har yau. In aka saka sabon kwando a cikinsa zubi biyu uku, zai kama.

"Wato dusar nan da nake zagi..."

"Ta uwarmu ce."

Kwana biyu Aitimon tana jan ƙafa. A na uku ta naɗe kwai, ɗan goron taunawar da ba a zuwa wajen mutum da buƙata babu shi, ta tsallaka taku shidan nan da rana tsaka, kasuwa a cike. Brisida ta karɓi kwai ɗin, ta tauna a tsanake, ta saurare ta har ƙarshe.

"Kwando ba wuya, Kong. Amma ba na ba da aron abin da mutum bai san daɗinsa ba. Zauna."

Ta zuba mata jadoh, ta ɗora tungrymbai cokali biyu. Bah Kitbok ya matsa mata wuri yana kallon rufi. Aitimon ta sa hannu ta ci, ta ji hayaƙin madafar uwarta a harshe, ta cinye har da suɗe yatsu.

"To?" in ji Brisida.

"Gishiri ya yi yawa."

"Ki aiko a karɓa gobe. Ban da mai hular."

Yanzu kwanduna biyu ne a saman murhun Mawlai, sabo a cikin na Brisida. Farin nan na da kuma, albasa ake zubawa a ciki. Pynshai yana nan a rumfa, an bar masa kwanuka, tunda abin da ya iya ke nan.